Duhun finafinan masu laifi: da fitila ake yin sa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'abocin kallon tsofaffin finafinan masu laifi ne na Amurka, marasa kalar nan da za ka ga jami'in bincike da malafa, rabin fuskarsa cikin duhu. Ina kuma karanta littattafan labarin zane, wato komik, masu irin wannan salo. Ni da abokaina mun gwada ɗaukar ɗan gajeren fim da waya. Muka kashe fitilun ɗaki muka bar kyandir ɗaya, sai hoton ya fito yashi-yashi, ko fuskar mutum ba a ganewa. Na koma takarda na zana shafi biyu, na zuba baƙar tawada son raina, shi ma ya fito kamar an yi ɓarin tawada. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ciwo ɗaya ne ya kama fim ɗin da zanen. Ka ɗauka rage haske ake yi, alhali masu wannan salo haske mai ƙarfi suke kunnawa, sannan su tare shi kada ya je inda ba su aike shi ba.

Salon da kake nufi shi ake kira film noir, wato baƙin fim da Faransanci. Wani mai sharhin finafinai a Faransa, Nino Frank, shi ya yi amfani da sunan a 1946, bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare, finafinan Amurka da yaƙi ya tare suka fara isa Faris. Da yawa daga daraktocin, irin su Fritz Lang da Billy Wilder da Robert Siodmak, a Jamus suka yi aiki kafin su guje wa mulkin Hitila, kuma da salon inuwar finafinan Jamus suka ƙaura. Ga kuma dokar tace finafinai ta Hays, wadda aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934, ta hana a nuna kisa dalla-dalla ko a koyar da yadda ake aikata laifi. Sai inuwar hannu a jikin bango ta riƙa yin aikin da aka hana kyamara yi. Abin lura a nan shi ne, faifan fim na wancan zamani ba ya kama hoto sai da haske mai yawa. Wurin da kake gani baƙi ƙirin a allo, manyan fitilu ne ke ci a cikinsa ranar ɗauka.

Mu fara da wayarka. Idan haske ya yi mata kaɗan, da kanta take ɗaga abin da ake kira ISO don ta ƙara gani, kuma wannan ɗagawar ita ke haifar da yashin da ka gani. Ka shiga inda ake saita kyamara da hannu, ka tsayar da ISO tsakanin 100 da 400, ka ɗauka a kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin buɗewar idon kyamara 1/50 na daƙiƙa. Wannan adadi ya dace da wutar lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa, don haka ba za ka ga haske yana ƙyafta ido a hoton ba. Daga nan ka ƙaro haske har gefen fuskar da fitila ke duka ya fito sarai, ka kulle saitin a kansa. Idan ba ka kulle ba, wayar za ta ga baƙi ya yi yawa ta yi ta ƙoƙarin haskaka shi, ta mayar maka da shi ruwan toka.

Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin gefen haske da gefen inuwa. A fim na yau da kullum gefen haske kan ninka gefen inuwa sau biyu ko uku. A wannan salo sau takwas ne, ko fiye. Akwai manhajojin auna haske a waya. Ba su kai na'urar ainihi daidaito ba, amma sun isa wannan aiki: ka auna a kuncin da ke fuskantar fitila, ka auna a ɗaya kuncin, in na farko ya nuna 800, na biyu kada ya wuce 100.

Fitila ɗaya ce uwar aiki, kuma irin fitilar yana da muhimmanci. Inuwa mai kaifin baki daga ƙaramar fitila mai nisa take fitowa. Tocila mai ƙwaya ɗaya ko kwan fitila garai-garai, a nisan mita uku zuwa huɗu, sun fi fitilar sola mai faɗi mai ƙananan ƙwayoyi barkatai, domin kowace ƙwaya tata inuwar take jefawa, sai ka ga hanci ɗaya da inuwa goma a jere. Sai dai nisa yana cin haske: in ka ninka nisan fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta ne zai iso. Shi ya sa kyandir ba zai taɓa yi maka aikin ba. Ka bar shi a cikin hoto don ado, haske na ainihi ya zo daga wajen hoto ta ɓangaren da kyandir ɗin yake.

Ka ɗora fitilar a gefe, ɗan sama da kai, kana matsar da ita har ka ga wani ɗan haske mai kusurwa uku ya faɗo a kuncin da ke inuwa, ƙarƙashin ido. Wannan ita ce fuskar mai bincike. In ka kai ta daidai kunne, fuska ta rabu biyu cif, ga mutumin da ba a san inda ya dosa ba. In ta dawo tsakar ka, idanu sun faɗa rami, ka sami wanda ake yi wa tambayoyi a ofishin 'yan sanda. Haske daga ƙasa kuwa a yi hankali da shi, da an ɗan wuce gona da iri sai mugun naka ya koma abin dariya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wanda yawancin masu farawa ba sa lura da shi. Ɗaki ƙarami mai farin fenti da farin tayil makiyin inuwa ne. Haske zai daki bango ya dawo ya cike duk duhun da ka sha wahalar haɗawa. Ka janye ɗan wasa daga bango kamar mita biyu, ka rataya baƙin yadi a gefen inuwa dab da inda hoto ya ƙare, ka shimfiɗa wani a ƙasa in tayil ɗin mai ƙyalli ne. Bakin fitilar kuma ka naɗe shi da takardar alminiyom irin ta naɗe abinci, ta zama kamar bututu, don hasken ya tafi wuri ɗaya. Kada a kusantar da yadi ko kwali jikin kwan fitila mai zafi.

Layukan inuwar nan na taga da ke ratsa bango da fuskar mutum, waɗanda fim ɗin Double Indemnity na 1944 ya yi fice da su, asabari zai ba ka su, ko kwali da aka yanka tsaga-tsaga da faɗin yatsu biyu. Kuskuren da ake yi shi ne a manna shi a bakin fitila, sai layukan su narke. Ya kasance nesa da fitila, kusa da abin da inuwar za ta faɗa wa. Mai ɗaukar hoton wancan fim, John Seitz, garin alminiyom ya riƙa watsawa a iska don ya yi kama da ƙura cikin hasken rana. Kai kada ka gwada, illa ne ga huhu. Kaskon turaren wuta ya wadatar, a fifita hayaƙin ya baje, fitila kuma ta zo daga bayansa. Hayaƙi da ruwan sama ba sa fitowa a hoto sai an haska su ta baya ko ta gefe. In ɗauka ta fita waje da dare, a jiƙa ƙasa. Titunan Biyana na ƙasar Ostiriya da ke sheƙi a The Third Man na 1949 ruwa aka riƙa fesa musu, kuma mai ɗaukar hoton, Robert Krasker, ya ci kyautar Oska da aikin.

Akwai abin da tsofaffin finafinan ba za su koya maka ba, domin kusan duk fararen fata suke haskawa. Baƙar fata sheƙi take mayarwa, kuma da wannan sheƙin ake gane siffar fuska. In ka bi tsarinsu kai tsaye, gefen inuwa zai haɗe da bango mutum ya ɓace. Maganinsa fitila ta biyu, ƙarama, daga baya ta sama, ta zana siririn layin haske a kafaɗa da kunne da gefen muƙamuƙi. Ko kuma ka haska bangon da ke bayan gefen inuwar, ka bar bangon da ke bayan gefen haske a duhu. A ɗan shafa mai a goshi da kunci, kaɗan dai, ba na zuwa biki ba. Sannan farin kwali a ƙasa da kyamara zai saka ɗigon haske a ƙwayar ido, wanda in babu shi fuska takan zama kamar ta gawa. Game da sutura kuma, ja da kore in ƙarfinsu ɗaya ne, ruwan toka iri ɗaya suke zama idan an cire kala, don haka ka duba kayan kowa ta waya cikin baƙi da fari kafin ranar ɗauka.

Mu dawo kan takarda. Mai zane ya fi mai kyamara sauƙi ta wani gefen, tunda shi ba bangon da zai dawo masa da haske. Amma ba shi da ruwan toka da zai ɓuya a ciki, kowane wuri ko baƙi ne ko fari. Mai zane Will Eisner ya nuna yadda ake yi a komik ɗinsa The Spirit tun 1940, Frank Miller kuma ya kai abin ƙarshe a Sin City da ya fara fitowa a 1991, inda sau da yawa babu layin da ya kewaye mutum sam, gefen inuwa ne kaɗai ke nuna inda jiki ya ƙare.

Kafin ka taɓa babbar takarda, ka zana shafin gaba ɗaya ƙarami, kowane gida, wato akwatin hoto ɗaya a cikin shafin, kamar girman kwalin ashana, da baƙi da fari kawai, ba ido ba hanci. A gefen kowane gida ka ja 'yar kibiya mai nuna inda haske ke fitowa, kuma duk inuwar gidan ta yi wa kibiyar biyayya. In a wannan ƙaramin zane ba a gane wa ke tsaye, wa ke riƙe da wuƙa ba, girma ba zai gyara shi ba. Ɓarin tawadar da ka gani kusan kullum daga abu ɗaya ne: baƙi ya jingina da baƙi. Baƙar riga tana son farin bango a bayanta, farar fuska ko farin hannu suna son duhu. Idan dole baƙi biyu su haɗu, a bar farin layi a tsakaninsu. Idon mai karatu kuma wurin da baƙi da fari suka fi karo yake fara zuwa, saboda haka nan za ka ajiye abin da labari ke buƙatar a gani, ko makulli ne a kan tebur ko tabon da ke hannun wani. Abin da kake son ɓoyewa ka ajiye shi a fili ma, amma a inda karon bai da ƙarfi, yadda mai karatu in ya dawo baya zai same shi yana nan tun farko. Fuskar baƙin mutum a irin wannan zane kuwa, ka cike ta da tawada ka bar fari a goshi, karan hanci, saman kunci da leɓen ƙasa, daidai wuraren da mai ya yi sheƙi a fim ɗinka.

Kayan aiki: takarda A3 mai kauri, giram 200 ko sama, domin ta hoto-kwafi mai giram 80 tana shan tawada take lanƙwashewa. Tawadar Indiya wadda ruwa ba ya wankewa, buroshi don manyan wurare, alƙalami don layi. Tawadar allo ba ta wannan aiki ba ce, don a wanke aka yi ta, kana ɗora farin fenti a kanta za ta narke ta dame. Tawadar alƙalamin maka (marker) kuma tana barin sawu-sawu, ta koɗe daga baya. Lokacin fensir, duk inda zai zama baƙi ka sa masa alamar X ka wuce, sai ka gama layuka ka dawo ka cike. Ruwan sama da farin fenti mai kauri ake jan sa a kan baƙi bayan ya bushe sarai, ko a karce da bakin reza. Tsohon buroshin goge baki, in ka tsoma shi a fenti ka ja shi da babban yatsa, zai ba ka feshin jini ko yayyafi, sai dai ka rufe sauran gidajen da takarda tukuna. Ka tuna shafin za a rage shi zuwa kusan kashi biyu cikin uku wajen bugawa, tawadar inji kuma tana ɗan bazuwa, don haka farin layin da ke cikin baƙi ka yi shi da kauri fiye da yadda idonka ke so, in ba haka ba zai toshe. Wajen shigar da shi kwamfuta, ɗigo 600 a inci, baƙi da fari zalla.

Abu ɗaya ne fim ke da shi wanda takarda ba ta da shi. Darakta shi ke yanke lokacin da mai kisa zai tako daga inuwa, amma mai karanta littafi yana buɗewa shafi biyu yake gani a lokaci guda, idonsa kuma ba ya jiran izini. Don haka gidan ƙarshe na shafin dama ya ƙare da takalmi a bakin ƙofa, fuskar kuwa ta jira a gidan farko na shafin hagu, bayan an juya takarda. In kuma a waya za a karanta, ana ja sama da yatsa, ka bar baƙin fili mai tsawon allon wayar gaba ɗaya tsakanin takalmin da fuskar.