NESCO: Kamfanin wuta da haƙar kuza ta haifa a Filato

Tambaya: Malam, iyayenmu a Bukur na yawan cewa wutar NESCO daban take da ta NEPA. Wane kamfani ne wannan, kuma yaya aka yi ya samo asali?

Amsa: Iyayenka sun faɗi gaskiya. NESCO kamfani ne mai zaman kansa, kuma ya girmi NEPA da sama da shekara arba'in.

Asalinsa kuza ce. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dirar wa tsaunukan Jos suna haƙar kuza. Da aikin ya yi zurfi, diga da kwano suka gaza, sai injunan haƙa da na zuƙo ruwa. Kwal kuwa sai an ɗauko shi daga Inugu a jirgin ƙasa, da tsada. Shi ya sa suka juya ga ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. A 1923 aka kafa ƙaramar tasha a Kwall, sannan a 1929 NESCO ya fara aiki da tashar Kurra, a yankin Barikin Ladi na yanzu. Daga baya aka ƙara na Jekko da Ankwil.

Abin da nake so ka gane shi ne yadda ƙaramin kogi ke ba da wuta. Ƙarfin da za a samu ya dogara da abu biyu: yawan ruwan, da kuma tsayin da yake faɗowa daga gare shi. A Kainji ruwan Kwara ne mai ɗimbin yawa ke yin aikin. A Filato kuwa kogunan ƙanana ne, amma ƙasar ta haura mita 1,000 a sama da teku, bakinta kuma yana da gangara mai tsanani. Sai a tare ruwan a sama, a zura shi cikin manyan bututun ƙarfe, ya sauko da ƙarfi ya juya injin. Ruwan da ya gama aiki a tasha ɗaya yana iya sake juya wani injin a ƙasa da ita. Babbar matsalar ita ce rani, don haka aka gina madatsun da ke ajiye ruwan damina.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kafa hukumar wutar lantarki ta ƙasa, wato ECN, a 1972 kuma aka haɗe ta da hukumar madatsun kogin Kwara aka samu NEPA. Duk da haka NESCO ya ci gaba da samar da wutarsa, yana rarrabawa da wayoyinsa, yana karɓar kuɗinsa. Kasuwar kuza ta durƙushe a 1985, amma kamfanin bai mutu ba, domin ya riga ya samu masu saye a gidaje da masana'antu.

Tashar Kurra megawat 8 take bayarwa, Kainji kuwa an girka mata injunan megawat 760, saboda haka Kurra ba za ta ɗauki nauyin babban birni ba. Amma ni a ganina mun yi sakaci ƙwarai da irin wannan hanya. Dam ɗin Tiga da na Challawa a Kano sun shafe shekaru da dama suna sakin ruwa ba tare da injin wuta ko ɗaya ba, alhali misalin yadda ake yi yana nan a Filato tun 1929.