Hukuncin girka manhajar lalubo wifi da cikakken izinin mai kula da kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni nake kula da intanet ɗin wata makaranta a nan Damagaram. Ina son girka Kismet, wata manhajar lalubo wifi, don in gano masu shan mana wifi, amma sai na ba ta cikakken izini take aiki, kuma tana nuno mini har rezon maƙwabta. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Asalin girka ta halal ne, ɗana, domin kayan aiki hukuncin manufarsa yake bi, kuma tsare dukiyar da aka damƙa maka wajibi ne, matuƙar shugaban makarantar ya san abin da kake yi kuma ya yarda.

Dalilin da ya sa take neman izinin shi ne tana juya katin wifi zuwa yanayin saurare, inda yake kama duk abin da ke yawo a iska, naka da na wasu. Ganin sunan rezon maƙwabci babu laifi, tunda na'urarsa ce take shelanta shi ga kowa. Amma tara saƙonninsa, ko ƙoƙarin fasa kalmar sirrinsa, wannan shi ne leƙen asirin da Allah ya hana a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar Ƙiyama. Malaman makarantar da ɗalibanta ma wannan haramcin ya kare su, don kasancewar rezon a hannunka bai ba ka damar karanta hirarsu ba. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ita ma ta hana kutse.

Shi kuwa cikakken izinin, amana ne. Manhajar tana karanta bayanan da baƙi ke watsawa, kuma idan ka kunna ta gaba ɗaya da sudo, wato umarnin da ke ba manhaja cikakken izini, kuskure guda a cikinta yana iya miƙa wa ɓarawo kwamfutar da takardun ɗalibai. Masu Kismet da kansu sun tanadi hanyar da ɓangaren kamawa kaɗai ke riƙe izinin, kai kuma ka shiga rukunin kismet, wato jerin waɗanda aka yarje wa amfani da ɓangaren a kwamfutar. Ita za ka bi, ka sauke manhajar daga tushenta na asali, ka taƙaita aikinka kan rezon makarantar, abin da ya faɗo na wasu kuma ka goge shi ba tare da ka buɗe ba. Wallahu a'alam.