Amsa ga mai shirin zuwa kasuwar manoma ta wata-wata a garin kan tsauni

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko kasuwar da ke ci sau ɗaya a wata ta isa a sha wahalar hawan tsauni dominta, kuma wane shiri za ki yi. Ta isa. Na je ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ki tabbatar da ranar kafin ki kama hanya, don in ta wuce ki sai wata ya zagayo. Ki yi sammako, manoman gaske da wuri suke sauke kaya, kafin rana ta take mai kyau ya ƙare. Ki ɗauki rigar sanyi ko da gumi kike yi a gida, domin duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga hazon safe. Ki riƙe tsabar kuɗi da canji, sabis ɗin waya a tsakanin duwatsu ba abin dogaro ba ne.

Inda na yi wauta a zuwana na farko shi ne wajen saye. Sanyin nan ne ke sa ganye ya yi shar, raɓa na ɗiga a jikinsa, sai idona ya rufe. Na ce ai ba zan dawo ba sai bayan wata guda, na jibgi ganye a leda, na ƙulle bakinta tam, na cusa a but. Muna saukowa zafi ya tarbe mu. Da na buɗe ledar a gida, rabi ya dahu da kansa, ya yi yauƙi, har ya fara wari. Yanzu ganyen kwana biyu zuwa uku kawai nake saye, in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a kwando, in ajiye a inuwa cikin motar. Sauran kuɗin sai in zuba a abin da ke jure ajiya: dankali, albasa, kabewa, zuma. Dankalin ma kada ki wanke sai ranar girki, laima ce ke ruɓar da shi. In kin ga zuma ta daskare kada ki ce algus ne, sanyi na sa ta haka.

Manomi kuwa ba ya ɓuya. Kayansa ba girma ɗaya ba ne, wani a karkace, wani da ƙasa a jiki. Ki tambaye shi yaushe ya cire, zai gaya miki har da gefen gonar da ya fi ba shi wahala. Ɗan sari kame-kame zai fara yi. Ni dai ba na matsa wa manomi da ciniki, na san da gumin da kayan suka iso.

Wajen dawowa ki ce wa direba ya sa ƙaramar giya a gangara, kada ya yi ta danne birki. In birki ya yi zafi da yawa yana rage kamawa, ballantana mota ta yi nauyi da buhuna.