Hukuncin Taya wa Juna Kaya a Gwanjon Intanet Don Farashi Ya Tashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, ina ɗan taɓa sayar da tsofaffin wayoyi da kyamarori ta hanyar gwanjo a eBay, da shi nake rage kuɗin haya. Akwai 'yan'uwa masu irin wannan sana'a da muka haɗa kai, kuma gaskiya na ƙaru da su. Su suka koya mini ɗaure kaya yadda ba zai fashe a hanya ba, da yadda ake gane ɗan damfara. Sai dai muna da wata al'ada: idan lokacin gwanjon ɗayanmu ya kusa cika alhali farashi bai kai ba, sai ya yi magana, wani ya shiga ya taya, ba don yana so ba, don dai kuɗin ya ɗaga. An yi mini sau uku, ni ma na yi wa wasu. Suna cewa babu zalunci tunda ba ma wuce ainihin kuɗin kayan, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mene ne hukuncin wannan? Zama da su yana da amfani ko in rabu da su? Sannan mukan sanar da juna sunayen masu saye da suka ba mu wahala, shin wannan giba ce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ƙara maka irin wannan zuciya da take ƙin kwanciya a kan abin da ba ta gamsu da shi ba.

Shi gwanjo a karan kansa halal ne a wurin jumhurun malamai. A littattafan fiƙihu ana kiransa bai'ul muzayada, wato cinikin "wa zai ƙara". Abu Dawuda da Tirmizi da wasunsu sun ruwaito daga Anas cewa wani mutumin Madina ya zo wurin Annabi (SAW) yana roƙo. Annabi ya tambaye shi ko akwai wani abu a gidansa, ya ce akwai wani bargo da suke shimfiɗa rabi su lulluɓa da rabi, da ƙoƙon shan ruwa. Aka kawo su, Annabi ya riƙe da hannunsa ya ce wa zai sayi waɗannan. Wani ya taya dirhami ɗaya. Ya ce wa zai ƙara a kan dirhami, sai wani ya ba da biyu, aka sallama masa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, wato jerin mutanen da suka ruwaito ta, amma hukuncin bai rataya a kanta ita kaɗai ba. Bukhari ya ƙulla babi a kan wannan ciniki, ya kawo maganar Aɗa'u cewa ya riski mutane ba sa ganin laifin sayar da ganima ga wanda ya ƙara. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da halaccinsa a zamanta na Burunai a 1993. Hanin da ya zo na yin tayi a kan tayin ɗan'uwa bai shafe shi ba, domin kamar yadda mai Risala ya bayyana, wancan yana farawa ne bayan mai kaya da mai saye sun karkata ga juna, ciniki ya kusa faɗawa. Don haka sana'arka tana da tsabta.

Al'adar nan taku ita ce matsalar, kuma tana da suna a shari'a tun kafin a san za a yi intanet. Sunanta najashu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya hana najashu. Imam Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa: ka taya kaya fiye da kuɗinsa, babu niyyar saye a ranka, don wani ya yi koyi da kai. Sahabi Abdullahi ɗan Abu Aufa ya ce mai yin haka maciyin riba ne, maha'inci. Duk wanda ya taɓa yini a kara, kasuwar dabbobi, ya ga irinsa: baƙo yana zagaya bijimi, yana duba haƙora, sai wani ya ɓullo daga gefe ya dafa tozo ya yi tayi mai tsoka, alhali shi da dillali sun gama magana tun da safe. Baƙon ya ga kamar za a ƙwace masa, ya ƙara. Abin da kuke yi ke nan, waya ce kawai ta maye gurbin kara.

Hujjar abokanka ba zan yi watsi da ita haka kawai ba, domin tana da asali a littattafanmu na Malikiyya. Alƙali Ibnul Arabi yana ganin idan mutum ya ga ana shirin karya wa wani kaya ƙasa da ƙimarsa, ya taya don ya kai shi ƙimar, to ba najashu ya yi ba, har ma yana da lada. Ibn Arafa ya ba da labarin wani mutum a kasuwar littattafai ta Tunis, sananne da salihanci, masanin littafi, wanda yakan buɗe wa dillalai tayin da za su ɗora a kai ba tare da yana nufin saye ba. Ya ce wannan ya halatta bisa zahirin fassarar Malik da zaɓin Ibnul Arabi, amma bai halatta ba bisa fassarar Maziri, wanda a wurinsa duk ƙarin da aka yi don a ruɗi wani najashu ne, ko ya wuce ƙima ko bai wuce ba. Shehu Halil a Muhtasar ya tafi a kan lafazin da ya dace da Maziri, ya ce shi ne mutum ya ƙara don ya ruɗa.

Ni abin da na gamsu da shi shi ne, ko da mun ɗauki maganar Ibnul Arabi, ba za ta rufa muku asiri ba. Mutumin Tunis ba shi da ko anini a cikin cinikin, a fili yake tsaye, kowa a kasuwa ya san shi ya san aikinsa, kuma buɗe tayi yake yi a farko. Ku kuwa mai kaya ne da kansa yake kiran mai tayin, a ɓoye, da sunan da mai saye bai san na abokinsa ba ne, bisa sharaɗin yau ni gobe kai. Sannan wa ya yanke "ainihin kuɗin kayan"? Mai kayan ne, wanda shi ne zai ci ribar. Tsohuwar waya ba ta da farashin da aka rubuta a sama. Wanda ya kai kayansa gwanjo ya yarda ke nan masu saye su faɗi ƙimarsa, ba zai yiwu ya kira alƙali sannan ya sa hannu a ma'auni ba.

Akwai kuma wani abu a tsarin eBay da ya sa ɓarnar ta fi ta kara muni, kai ma ka san shi. Mai saye yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta ɓoye wannan adadi, ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda wasu suka taya. A ce wata baiwar Allah ta sa iyakarta fam 200 a kan kyamararka, masu so na gaskiya duk suka tsaya, farashi ya tsaya a fam 140. Da an bar abin haka, fam 140 za ta biya. Sai abokinka ya jefa tayin fam 190. Nan take na'ura za ta ɗaga nata ya haura 190, ba tare da ta taɓa wayarta ba, wataƙila ma tana barci ko tana wurin aiki. Baƙon kara aƙalla yana iya juyawa ya tafi. Ita wannan amana ta ba tsarin, ku kuka zura hannu ta cikinsa kuka ɗebi sama da fam 50 daga jakarta. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya zama kasuwanci ne bisa yardar juna. Yardar da aka gina a kan abokin takara na ƙarya ba yarda ba ce. Kuma babu bambanci ko mai sayen Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Ƙari a kan haka, ranar da ka buɗe asusu ka amince da dokokin kamfanin, kuma sun haramta wannan aiki ƙarara. Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Hukumomi ma ba sa ɗaukarsa wasa. A shekarar 2000 wani zanen bogi ya kai dala 135,805 a eBay bayan an yi ta tura shi da tayin ƙarya, a 2001 aka tuhumi mutum uku a kotun tarayya ta Amurka. Kai baƙo ne a ƙasar mutane da takardar karatu, kada ka jefa kanka a abin da zai taɓa zamanka.

Hukunci dai: haramun ne ga mai tayin, haramun ne ga mai kayan da ya sani.

Cinikin uku da suka wuce fa? A mazhabar Malik, idan mai kaya yana da masaniya, mai saye yana da zaɓi, ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa ko ya riƙe. Idan kayan ya salwanta ko ya canza, sai a koma ga ƙimarsa. Hanafawa da Shafi'awa suna ganin cinikin ya ƙullu tare da zunubi. Abin da nake ba ka fatawa da shi, wanda ya fi kuɓutar da wuyanka: ka buɗe tarihin tayin kowane kaya, domin yana nuna wanda ya taya da adadin da ya taya. Ka duba inda farashi zai tsaya ba don tayin abokinka ba, ka mayar wa mai saye bambancin. Idan ka yi iya ƙoƙarinka ba ka same shi ba, ka yi sadaka da kuɗin da niyyar sauke haƙƙinsa. Inda kuma kai ne ka taya wa wasu, ka tuba, ka gaya musu su mayar, domin su suka karɓi kuɗin.

Tsoron faɗuwa da ya kai ku ga wannan yana da magani na halal. Shari'a ba ta tilasta wa kowa sayar da kayansa a farashin da bai yi masa ba, shi ya sa a kasuwa ake cewa "albarka". Ka fara gwanjon daga mafi ƙarancin kuɗin da za ka iya sallamawa. Ko ka sa farashin ajiya wanda idan ba a kai shi ba babu ciniki, ko da za a caje ka wani abu a kai. Ko ka bar gwanjo ka sa tsayayyen farashi. Masu farawa daga ƙasa sosai don jawo jama'a su sani, wanda ya zaɓi wannan hanya ya ɗauki ribarta da asararta.

Game da sunayen masu saye: gargaɗi a kan macuci ba giba ba ce. Imam Nawawi ya lissafa shi cikin wurare shida da aka halatta ambaton mutum da abin da yake ƙi, kuma Annabi (SAW) da kansa ya faɗa wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu aibun mutum biyu da suka nemi aurenta. Wanda ya karɓi waya ya ce bai gani ba, ko ya dawo maka da wata wadda ba taka ba, ka faɗa, gwargwadon abin da ya faru, ba ƙari, kuma abin da ka tabbatar. Amma wanda ya dawo da kaya saboda batirin ba ya riƙe caji kuma ba ka faɗa ba, ko an canza gilashin ka yi shiru, wannan haƙƙinsa ya nema. Sa sunansa cikin macuta ƙazafi ne a kan zalunci. Yaɗa adireshin mutum ko lambarsa ko hotonsa don a yi masa dariya kuwa bai halatta ba ko da ya yi laifi.

Ban ce ka rabu da su ba. Ilimin da ka samu a wurinsu na gaske ne, kuma ɗan kasuwa ba ya rayuwa shi kaɗai, balle a baƙunta. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta haɗa umarnin taimakon juna a kan alheri da hanin taimakon juna a kan zunubi, kuma zamanku ya ƙunshi duka biyun, sai a tace. Ka same su cikin mutunci, zai fi kyau ka fara da wanda suka fi jin maganarsa, kai da shi kaɗai. Ka ce daga yau ba ka taya wa kowa, kada kuma a taya maka. Ina kyautata zaton yawancinsu ba su san sunan abin ba ne. Idan sun bari, ka zauna ku ci gaba da amfanar juna. Idan sun ƙi amma sun ƙyale ka, ka ɗauki shawararsu ta sana'a, ka janye duk lokacin da aka zo wannan magana. Idan kuwa suka ce sai mai taya wa ne ɗan ƙungiya, to ka fita.

Wallahu a'alam.