Amsa: yadda ake yema, alawar madarar Filifin

'Yar uwa kin ce taki ta kama gindin tukunya kuma ta ƙi daskarewa, wallahi wuta ce ta yi yawa, nima haka ta min a karon farko har raina ya ɓaci.

Yema kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta gwaiduwar ƙwai, don haka gwaiduwa zalla za ki sa banda farin. Ni ina sa gwaiduwa 4 a gwangwani 1 na madarar kondens mai kauri mai zaƙi, ba ta ruwa irin ta shayi ba, ita ce ma sirrin. Ki kaɗa su tare tun kafin ki ɗora, ki tace, sai ki narka bota cokali 1 a kasko mara kamu ki zuba, wuta can ƙasa, ki yi ta juyawa ba tsayawa kamar minti 20 har ki ga ta tattaru tana sakin kaskon da kanta. Kar ki ƙara suga.

Za ki iya sa dakakkiyar gyaɗa da kankararren bawon lemun tsami a ciki, bawon na kawar da ƙarnin ƙwai. Ta huce tukuna ki mulmula, su can Filifin a leda mai launi suke naɗe ta kamar ɗan dala mai tsini a sama.