Edita na tura min layin if inda ban sa shi ba

Tambaya: Salam Malam. Ina koyon Python ne, to duk sanda na rubuta if mai tsawo na raba shi layi uku da and da or, ina danna Enter sai edita ya tura layi na biyu ciki daidai inda jikin if ɗin zai fara, in na dawo dubawa sai in rasa ina sharaɗi ya ƙare ina aiki ya fara, wani lokacin ma bayan ruwa biyu sai ya cilla ni gurbi takwas ciki. Jiya har ƙarfe biyun dare ina fama. Laftof ɗina ce ta lalace?
Ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, laftof ɗinka lafiyarta ƙalau. Ƙirga da kanka: i, f, gurbi ɗaya, sai buɗe baka, huɗu kenan, kuma tazarar da aka saba bari a Python ita ma huɗu ce. Editan jera layi na biyu yake a ƙarƙashin harafin farko da ke bayan bakar da ka buɗe, sai ya faɗa daidai kan jikin if. Ba sabon ciwo ba ne, PEP 8, ƙa'idar rubutun Python da ta fito tun 2001, ta ambaci wannan karon da kanta, pycodestyle ma, manhajar da ke duba ko kod ya bi wannan ƙa'ida, har lamba ya ba shi, E129.

Ka kwantar da hankali, muddin kana cikin baka Python bai damu da tazara ba, idonka ne kawai ke wahala. Layin da ke bayan ruwa biyu shi ne ba a wasa da shi.

Ni dai yadda nake yi, in buɗe baka a ƙarshen layin if, kowane sharaɗi layinsa da and a gaba, sannan rufe baka da ruwa biyu su zauna su kaɗai a ƙasa. Haka Black, manhajar da ke gyara tsarin kod ɗin Python, ke gyara shi ma. Amma gaskiya in sharaɗi ya kai layi uku gara ka ba shi suna a sama, misali ya_cancanta, sai ka rubuta if ya_cancanta kawai.

In editan VS Code kake amfani da shi, nemi saitin editor.autoIndent ka mayar da shi keep, zai riƙa bin tazarar layin sama ba tare da ya nuna maka wayo ba. Ka duba kuma ko tab ya gauraya da gurbi, musamman in kwafo kod ɗin ka yi daga wani wuri, in sun gauraya Python 3 saƙon kuskure na TabError zai watso maka.