Amsa ga ɗana a kan "pereci"

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce da kuka yi waya da ƙanwarka ranar Sallah ta ce maka ta "pereci", ka rasa gane kanta, har kana tambaya ko mu da muka daɗe a Mosko mun saki yara ne sun lalata Hausa. Na yi dariya, don a gidajenmu nan wannan kalma ta zama 'yar gida.

"Ci" ɗin namu ne. "Pere" kuwa ɗafi ne na Rashanci da ake liƙa wa aikatau a goshi, ma'anarsa ƙetarewa ko wuce kima. Cewa take ta ci tuwo har ya yi mata yawa. Mutanen nan haka suke gina magana: tushe ɗaya na tafiya, ka canza masa goshi sai ka samu prishol ya zo, ushol ya tafi, voshol ya shiga, pereshol ya tsallaka, zashol ya ɗan biyo a kan hanyarsa. Na fi shekara ina tuntuɓe da su kafin na lura mu ma muna da irin abin, sai dai a ƙarshen kalma muke yinsa: saya, sayo, saye, sayar.

Waɗannan ɗafe-ɗafe tsofaffi ne ƙwarai. Rashanci da harshen Foland da na Cek da Bulgariyanci duk uwa ɗaya ta haife su, wadda babu wanda ya bar rubutunta, domin rubutu bai zo wa Silabawa, wato masu waɗannan harsuna, ba sai bayan zuwan malaman Kirista biyu, Kiril da Metodiyus, ƙasar Morabiya a shekarar 863. Masana sun jera 'ya'yan ne suka gano kamannin uwar, shi ya sa suke sa tauraro a gaban kalmominta. Sun ce *per- ce ta zama pere- a nan, prze- a Foland, pre- a Bulgariya. Sunan da suke kiran uwar da shi ma, praslavyanski, yana ɗauke da pra-, wanda ke cikin praded, wato mahaifin kaka.

Ni "pereci" ba ta dame ni ba. Abin da muke faɗa a kai shi ne "o" ɗinmu. Rashanci bai damu da ko kana nufo mai magana ko kana barinsa ba, fita da fito duk vyydi ce. Sai yaro ya tsaya a ƙofa cikin dusar ƙanƙara yana kwaɗa kira, "Baba, fita!" Mahaifiyarsa kan ce ba za a motsa ba sai ya ce "fito". Ko a ɗan taron da muke yi bayan sallar Idi a babban masallacin da ke kusa da titin Prospekt Mira, da ka saurara za ka ji wata uwa tana gyara "shiga" zuwa "shigo".

Batun sunanta da ka gani a takarda, Ibragimovna, ba suna aka canza mata ba. Nawa ne. A nan ana ƙara wa sunan uba -ovich ga namiji, -ovna ga mace, "h" kuma ta koma "g" a rubutunsu. Daidai yake da 'yar Ibrahim. In ta zo hutu ku kira ta da sunan yankanta, shi take amsawa a gida. Ka gaishe min da Hajiya.